Saƙon da Ke Bakin Zanin Goggo

Duk abin da ya rage mana na daminar ƙarshe ta Mama, yayana ne ya rubuta shi, layi bayan layi, a cikin tarihin wata ƙaramar manhaja da muke ginawa ni da shi. Ni kuma na share shi da hannuna wata rana da hantsi, ina zaune ina ɓare gyaɗa. Har yau in na buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni a kai, sai in ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasar Vimtim ya shigo ɗakin, ko da kuwa tsakiyar rani ne.

A lokacin ina zaune a Yelwa, cikin garin Mubi, a ɗaki ɗaya mai taga ɗaya. Da safe ina koyar da kwamfuta a wata makarantar kuɗi, da rana kuma ina rubuta manhaja ina mafarkin ranar da wani babban kamfani zai gane irin baiwar da ke ɓoye a bayan shagon mai wankin kai. Yaya yana gida a Vimtim tare da Mama. Shi ne babbanmu, ya bar karatu ya koma gona shekarar da Baba ya rasu, kuma bai taɓa yi mini gori a kai ba, abin da ya fi gorin ciwo. Mutum ne da magana ke yi masa nauyi. In na kira shi a waya na ce yaya gida, sai ya ce lafiya. Mama fa? Lafiya. Gona? Sai godiya. Daga nan sai mu yi ta sauraron numfashin juna har katin wayar ya ji kunya.

Manhajar ma tunaninsa ce. Kowace shekara manoman unguwarmu sai sun yi musu a kan ranar da ruwan farko ya sauka bara, wannan ya rantse, wancan ya rantse, a tashi ba a shirya ba. Yaya ya ce yana son abin da zai riƙa ajiye ranar ruwa da ranar shuka, da irin dawar da ta riga nuna, don a daina dogaro da ƙwaƙwalwar tsofaffi. Na ba shi tsohuwar laftof ɗina mai tsagaggen murfi, na kwashe hutun rani guda ina koya masa a gindin mangwaron ƙofar gida. Yatsunsa sun saba da ƙotar fartanya, yana danna harafi kamar yana tsoron ya fasa shi, amma abin da ya shiga kansa ba ya fita.

A nan na koya masa git, wato abin da masu rubuta manhaja ke amfani da shi don ajiye tarihin aikinsu, yadda in an ɓata abu yau za a iya komawa ga na jiya. Na sa ya rubuta git init da hannunsa, na ce masa daga yau wannan jakar ta sami ƙwaƙwalwa. In yana son ganin abin da ya taɓa tun ajiyar ƙarshe, ya rubuta git status. In ya gamsu, ya tattara da git add, sannan ya ɗaure ƙullin da git commit, ya liƙa masa ɗan gajeren saƙo da zai faɗi abin da aka yi.

"Wa zai karanta saƙon?" ya tambaye ni.

"Ni mana."

"To," in ji shi.

Saƙonsa na farko da na gani cewa ya yi: "Ina kwana. Ya gajiya. Na gyara wurin rubuta ranar shuka." Na yi dariya har na ƙware. Na ce masa Yaya, nan ba zaure ba ne, ba a gaisuwa, aikin kawai ake faɗa. Ya dube ni yadda yake duban bunsurun da ya shiga gonar wake.

"Ba kai za ka karanta ba?" ya ce, da Hausarmu ta gida wadda ba ruwanta da mace ko namiji. "Yaya zan shigo maka ba gaisuwa?"

A gidanmu ko gishiri za ka ara a ɗakin da ke kusa, sai ka tambayi kwana da gajiya kafin ka miƙa hannu. Na ƙyale shi, ina cewa a raina zai gaji ya daina.

Da hutu ya ƙare na koma Yelwa, sai matsalar haɗa aiki ta taso. Gidanmu yana bayan wani dutse da ke tare sabis, sai mutum ya hau kan tudun masussuka kafin waya ta kama, balle a yi maganar tura aiki ta intanet. Sai na mayar da wani ɗan jan filash, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, ya zama rumbunmu na tsakiya. Yaya zai soka shi ya rubuta git push, aikinsa ya hau. In ya iso hannuna in rubuta git pull, aikin ya sauko cikin tawa kwamfutar, in ɗora nawa, in tura, ya koma. Mai kai da kawowa ita ce Goggo, ƙanwar Baba, wadda ke kawo gyaɗa gari duk ranar kasuwa. A bakin zaninta take ɗaure shi tare da ɓarin goro. Sai ta sauka daga acaba a ƙofar gidan da nake haya, ta zauna a kan dakali, ta sha ruwa, ta ba ni labarin wanda ya haihu da wanda akuyarsa ta ɓata, sannan ta sa haƙori ta kwance ƙullin. Filash ɗin kullum yana zuwa da ɗumi, yana ƙanshin soyayyar gyaɗa.

Sau ɗaya muka yi karo. Akwai wata jar dawa mai saurin nuna, shi ya rubuta sunanta da yarenmu na kan dutse, ni kuma a wannan layin na rubuta na Hausa. Da aka zo haɗawa git ya tsaya cik, ya nuna layukan biyu, ya ce mu zaɓa. Na zaɓi nawa na tura. Ya mayar da nasa ya turo. Sau uku Goggo tana kai mu tana kawo mu ba ta san rigima take ɗauke da ita ba. Mama ce ta raba gardamar wata Lahadi da na je gida, tana zaune tana tsince wake bayan an taso daga coci. Ta ce, "Dawa ba ya fushi don an kira shi da suna biyu. Ku sa duka." Muka sa duka. Saƙon Yaya na ranar cewa ya yi, "Barka da yamma. Mama ya yi shari'a."

Da damina ta kama, Mama ta kwanta. Ciwon bai zo da hayaniya ba, ƙafa ce ta fara kumbura, sai kasala, sai abinci ya daina shiga. A waya Yaya bai canza ba, lafiya, da sauƙi, sai godiya. A cikin saƙonnin ne bakinsa ya buɗe. Duk ranar da ya shigar da ruwan da aka yi ko ya gyara wani abu, sai ya ɗaure da gaisuwa da ɗan labari. "Ina kwana. An yi ruwa daga wajen Mayo Bani. Mama ya sha kunu rabin kofi. Na sa maɓallin gogewa." Wata rana kuma, "Ina wuni. Matan zumunta na coci sun zo sun yi waƙa, Mama ya bi su da baki. Ban gane dalilin da kwanan wata ke juyewa ba, ka duba."

Da farko ina karanta su duka. In Goggo ta tafi sai in rufe ƙofa, in rubuta git log, wanda ke jero duk ajiyar da aka yi da saƙon kowace da ranarta. In jingina da bango, fararen haruffa suna tsaye a kan baƙin allo, sai ɗakin ya fara nisa da ni. Ƙarar keke da ta masu injin niƙa su koma can ƙasa. In ga hadari yana gangarowa daga kan duwatsu, in ga Yaya ya ruga yana kwashe shanya, in ji ruwa a kan kwanon ɗakin Mama da yadda take cewa a buɗe mata ƙofa ta gani. Wani lokaci sai yunwa ta dawo da ni in tarar la'asar ta yi, ban rubuta ko layi ɗaya na aiki ba.

Daga baya na daina. Ba da niyya ba. Jarrabawar ɗalibai ta zo, na kuma karɓi wani aikin shafin intanet da mai shi ke kirana sau biyar a rana. Shi kuwa git pull ba ya nuna saƙo, sunayen fayilolin da suka canza kawai yake jerowa da 'yan alamomi kore da ja. Sai in ja aikin, in ga ya sauko lafiya, in ce zan karanta anjima. Vimtim tafiyar acaba ce da ba ta kai a gaji ba, amma na yi mako uku ban je ba, kullum ina cewa Asabar mai zuwa. Mama ta rasu lokacin da masara ta fara shiga kasuwa. Na isa an riga an rufe mata fuska.

Bayan biso, da muka binne ta, Yaya ya ci gaba da turo aiki, ni kuma na ci gaba da ja ba na karantawa, wannan karon don tsoro. Na san muryar daminar tana ciki, kuma ban shirya jinta ba. Haka kaka ta wuce, rani ya wuce.

Da ruwan sabuwar shekara ya fara sauka, na ga tallar aiki a wani kamfani na nesa, suna son mai nema ya nuna musu wani aikin da ya yi tare da tarihinsa. Manhajar noman ita ce mafi kyawun abin da nake da shi. Na tura wa wani tsohon ɗan ajinmu da ke Abuja ya duba mini, irin mutanen nan da ke saka Turanci uku a cikin Hausa ɗaya. Ya kira ni yana dariya.

"Aikin ya yi kyau," in ji shi, "amma wannan tarihin aiki ne ko wasiƙar ƙauye? Ina kwana, ina wuni, Mama ta sha kunu? In suka ga wannan sun gama da ke. Ki matse shi duka ya koma layi ɗaya mai tsabta."

Kunya ta kama ni tun daga tafin ƙafa. Ba zan ɗora wa ɗan Abuja laifi ba, shi shawara ya bayar, ni ce na ji kunyar yayana. Na ji kunyar Hausarsa da gaisuwarsa, har da kunun Mama. Ina da zafin kai, in abu ya sosa ni ba na kwana da shi. Washegari da hantsi na zauna da kwanon gyaɗar Goggo a gefe, na rubuta git rebase, umarnin da ke ba mutum damar sake rubuta tarihi, na narkar da ajiyar fiye da shekara guda ta koma ɗaya, na liƙa mata saƙo na kalmomin Turanci biyu. Da na zo turawa filash ya ƙi karɓa, don abin da ke hannuna ya saɓa da abin da ke cikinsa. Wannan ƙin kansa gargaɗi ne, kuma na san haka, ni da nake koya wa yara. Na ƙara masa --force, wato ko ya so ko ya ƙi. Ya karɓa. Na zare shi na ajiye wa Goggo.

Kwana biyu bayan haka Yaya ya kira ni daga kan tudun masussuka, ina jin iska tana kaɗa wayar. Ya ce ya rubuta git pull ya ƙi. Ya karanto mini Turancin a hankali, harafi-harafi. Ma'anarsa ita ce git ya ƙi haɗa tarihi biyu da ba su da dangantaka da juna.

"Ba komai," na ce. "Gyara na yi. Laftof ɗin na kusa?"

"Yana kan cinyata."

"Rubuta git fetch." Ya rubuta. "Yanzu rubuta git reset, sarari, layi biyu, hard." Na karanta masa sauran, ya bi ni ba musu, don a wurinsa ni ce mai ilimin abin. Umarnin yana nufin ya watsar da abin da ke hannunsa ya koma daidai da na filash. Ban gaya masa haka ba.

"Ya yi," in ji shi.

"To duba git log ka gani, yanzu ya yi tsaf."

Na ji yana dannawa. Sai shiru. Iska kawai, da wani zakara can nesa. Na ɗauka sabis ne ya yanke, na ce, "Yaya, kana ji na?"

"To," ya ce. Ya kashe wayar.

Ranar kasuwa Goggo ta kawo filash, na soka, na rubuta git pull. Git ya ce babu sabon abu. Mako mai zuwa ma haka. Na ce noma ne ya riƙe Yaya, lokacin ciyawa ne. A tsakanin nan kamfanin suka aiko da wasiƙar ba da haƙuri mai ladabi, ko tarihin ba na jin sun buɗe. Kwamfutata kuma ta kama ciwo, mai gyara ya wanke ta tas, na sake kwafo aikin daga filash da git clone, wanda ke ɗauko abin da ke a fili kawai. Duk wannan bai dame ni ba. A mako na shida Goggo ta kwance bakin zaninta ta riƙe filash ɗin ba ta miƙo ba.

"Wannan abu ya yi sauƙi kwana biyu," ta ce. "Yayanka ba ya taɓa shi ma. A kan taga nake ajiye, a kan taga nake ɗauka. Me ka yi masa?"

"Ni? Ba abin da na yi."

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji ta, ta jefa goro a baki.

Abin da ya farkar da ni shi ne addu'ar cikar Mama shekara. Fasto ya aiko cewa 'ya'yanta su rubuto 'yan kalmomi a kan kwanakinta na ƙarshe, a karanta a coci. Na zauna da takarda wata rana da azahar, na ga ba ni da komai. Na tuna Mama ta ƙuruciyata, mai ɗaukar itace daga kan dutse tana waƙa, amma daminar ƙarshe fanko ce a kaina. Sai na ce ai Yaya ya rubuta duka, kowace rana da kwanan watanta. Na ja laftof da sauri har da ɗan murmushi, na rubuta git log. Layi ɗaya ya fito, da sunana a kai, da Turancina guda biyu.

Na sake rubutawa kamar zai canza ra'ayi. Sai a lokacin na ji "to" ɗin Yaya da kunnen da ya kamata in ji shi da shi wata biyu da suka wuce. Na yi kuka irin na wanda ba shi da wanda zai ɗora wa laifi.

Da na share fuska sai kan malamar ya dawo. Akwai git reflog, ɗan littafin sirri da kowace kwamfuta ke riƙewa na duk inda aikin ya taɓa tsayawa, har da wuraren da aka watsar. Nawa ya tafi a hannun mai gyara. A filash kuma ban san hanyar tono abin da aka binne ba a wancan lokacin. Saura na Yaya. Amma na san git ba ya riƙe abin da aka yar har abada, bayan kamar wata guda yana iya share shi duk ranar da ya tashi yin shara, ga shi an yi wata biyu. Ban jira Asabar ba. Da gari ya waye na tare acaba.

Hanyar Vimtim a tsakiyar damina ba ta kama da hanya. Masara ta fi mutum tsayi hagu da dama, gajimare ya sauko ya zauna a kafaɗar duwatsu, ƙananan mayo, rafukan nan da ke bushe duk rani, suna gudu da jan ruwa. Mai acaba yana ta ba ni labarin tsadar taki, ni kuwa ina jin muryarsa kamar daga cikin rijiya. Ina ta ganin Mama a gaba, a kowace kwanar hanya, da ƙwarya a ka, in mun iso sai ta zama wata mata daban ko kututturen itace.

Na tarar da Yaya a bakin gona yana wasa lauje. Na durƙusa na gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, kwana da gajiya da ruwa da aiki, ya amsa kowace ɗaya bai ɗago ba. Na ce, "Yaya, na yi laifi. Ina laftof ɗin?"

Ya daɗe yana goga laujen a kan dutse. Sannan ya tashi, na bi shi har ɗakin Mama. Ya buɗe akwatinta na ƙarfe, ya ɗaga zannuwanta na zumunta, ga laftof ɗin a ƙasa a naɗe cikin ɗankwali.

"Tun ranar ban buɗe ba," ya ce.

Sai na fara sa rai. In bai buɗe ba, git bai sami damar yin shara ba. Batirin ya mutu murus. Muka jona shi da ƙaramar solar da ke kan rufi, rana kuma tana wasan ɓuya da gajimare. Muka zauna a gindin mangwaro kusan awa guda muna jiran batirin, kaji suna kiwo a tsakaninmu.

Da ya kama, na rubuta git reflog. Layi na sama shi ne umarnin da na karanta masa a waya. A ƙarƙashinsa ga ajiyarsa ta ƙarshe, da 'yan haruffa da lambobi bakwai a gabanta, da farkon saƙon: "Ina kwana." Na kwafi lambobin, na rubuta git branch, wanda ke fitar da reshe a jikin tarihin, na raɗa wa sabon reshen suna damina, na ɗaure shi a wurin don kada ya sake ɓacewa. Sannan na rubuta git log damina. Allon ya cika har ƙasa.

Git log daga na baya-bayan nan yake farawa ya gangara zuwa na da. Na wuce saƙonnin rani, gajeru, gaisuwa da aiki kawai. Na wuce kaka. Na zo makon biso, inda ya rubuta, "Ina kwana. An yi ruwa jiya, na shigar. Ɗakin ya yi shiru." Na danna na gangara kaɗan, sai ga wani da ban taɓa gani ba, kwana tara kafin rasuwarta.

"Ina wuni. Masara ya nuna a gonar bayan gida. Mama ya ce kar in kira ka a waya, kana da aiki. Ya ce in rubuta a nan inda kake karantawa, in ka samu sarari ka zo ka ci sabon masara tare da shi. Ban gyara komai ba yau, waƙafi ɗaya kawai na ƙara don git ya yarda in ajiye."

Na karanta sau uku. Na tuna ranar ma. Na ja aikin, na ga fayil ɗaya ya canza da alama kore guda ɗaya, na ce Yaya bai yi wani abin kirki ba wannan makon, na rufe.

"Ban gani ba," na ce. "Yaya, ban taɓa ganin wannan ba sai yau."

Ya juyo ya dube ni sosai, karo na farko tun isowata.

"Na ɗauka ka gani ba ka zo ba," ya ce. "Na yi shiru. Da ka sa na goge, na ce to, ba ka son ka tuna ne."

"Kwana nawa ta jira?"

"Kullum da yamma yana cewa a juya masa tabarma wajen hanya."

Ban san wanne ya fi muni ba, abin da ya zata ko abin da ya faru. Na faɗa masa haka. Ya miƙe, ya ɗauki laujensa, ya zagaya bayan gida, na ji ganyen masara yana ƙara yana rufewa a bayansa.

Na zauna ni kaɗai na ci gaba da gangarawa, don ban san abin da zan yi da hannuna ba. Ina sauka Mama tana samun sauƙi. Ta bi matan zumunta da baki. Ƙasa kaɗan ta sha kunu rabin kofi, ƙasa da haka ta shanye kofi guda ta nemi ƙari. Kumburin ƙafar ya sace. Ta fita tsakar gida da sanda, sannan ba sanda, ta yi wa Yaya faɗa a kan ya bar akuya ta ci shanyar kuɓewa. Ruwan sama ya ja da baya zuwa na farko, ƙasa ta bushe, mangwaro ya nuna, ga ta zaune bayan an taso daga coci tana tsince wake tana yi mana shari'ar dawa. A can ƙarshe, ƙasan komai, ina kwana, ya gajiya, na gyara wurin rubuta ranar shuka. Na tsaya a nan na daɗe, ban so in hau sama ba.

Hayaƙi ne ya dawo da ni. Yaya ya hura wuta a murhun Mama na duwatsu uku, ya jingina masara biyu a jikin garwashi, yana juya su da yatsa yana hura hannu. Da suka gasu ya kakkaɓe tokar, ya naɗe ɗaya a cikin ɓawonta. Kafin ya miƙo mini sai ya shiga ɗaki ya fito da tabarmar, ya shimfiɗa ta tana fuskantar hanya.

"Zauna a nan," ya ce.

Na zauna. Masarar tana da zafi, tana da zaƙi, ƙwayoyin suna fashewa da ruwa a baki. Na ci ina kuka, shi yana cin tasa yana kallon hanyar da babu kowa a kanta, har na cinye ban bar ƙwaya ɗaya ba.